Igiyar roba mai ƙugiya: tambayoyi da amsoshi ga masu jirgin ruwa, masu tanti da masu ɗaura kaya a moto

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa, yau daga bakin masunci, gobe daga ɗan kabu-kabu, jibi daga mai rumfar tamfol ko matasa masu fita kwanan daji, har na ga gara in tara su wuri guda kowa ya duba tashi. Na daɗe ina aiki da igiyar nan, na ji daɗinta kuma ta taɓa yi mini rauni, shi ya sa maganar take ci mini rai. Na sa ma tambayoyin lamba don in wata amsa ta tura ka wata kar ka sha wahalar nema.

1. Wai wace ce igiyar roba ɗin, ba ita ce robar tib da muka sani ba?

A'a, 'yan'uwan juna ne dai amma ba ɗaya ba. Wadda ake magana ita ce mai zagaye ɗin nan mai launi-launi da ake saidawa da ƙugiya biyu a bakinta, ko a auna maka da mita daga nadi. Masu Faransanci suna ce mata tandar ko sando. In ka yanka ta ka duba baki za ka ga siraran zaren roba da yawa an jera su tare kamar taliya, sannan an saƙa musu riga ta zare a waje. Robar ciki ita ke miƙewa ta dawo. Rigar kuma aikinta biyu, tana kare robar daga rana da gurzuwa, tana kuma taka mata birki, domin in saƙar ta gama buɗewa to igiyar ta kai ƙarshenta ke nan, ba ta ƙara tafiya.

Zaren rigar ba iri ɗaya ba ne, akwai foliyesta, akwai nailan, akwai mai arha ɗin nan dangin zaren buhu. Foliyesta ya fi jure rana, nailan yana shan ruwa, mai arhar kuma rana na saurin cinye shi. Maganar robar tib tana lamba 14.

2. Wane aiki ta dace da shi, wane ne kuma ba nata ba?

In amsa ɗaya za ka karanta a nan to wagga ce. Igiyar roba tana danne abu ne ta hana shi kaɗawa, ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta shi ne tamfol ya zauna a miƙe, filafili kar ya zame ya faɗa ruwa, tabarma da bargo su zauna a naɗe, murfin kula kar ya buɗe a hanya. Duk abin da in ya kuɓuce ba zai kashe kowa ba, ba ta shi.

Amma buhun gero, bidon cike da mai, tukunyar gas, injin ban ruwa, wannan ba nata ba ne. Dalili a fili yake, abin da aka yi shi don ya miƙe ai zai miƙe ne, ba ruwanshi da ko kai ka ja shi ko kayan suka ja shi. Moto ta faɗa rami, buhun ya yi sama, robar ta ba shi hanya, ya sauko a karkace, rami na biyu ya ƙara karkacewa, kafin ka kai Tibiri daga Maradi kaya sun koma gefe guda suna jan ka. Haka nan ba a jan mota ko moto da ita, ba a sa ta a guga, ba a hawa bishiya ko shiga rijiya da ita ko da wasa.

3. Wane kauri zan saya?

Da milimita ake auna ta. Ta cikin sandunan tanti 2 zuwa 3 ce. Ta sange da ƙananan kaya 3 ko 4. Tamfol da kayan cikin jirgi 5 ko 6, kuma in guda ɗaya za ka iya saye to wannan ka ɗauka, ita ce ta fi shiga ko'ina. 8 da 10 na babban tamfol ne irin na rufe mota ko tarin buhuna. Kar ka ce bari ka sayi mafi kauri don ka huta, mai kauri ƙarfinta ya fi ƙarfin tamfol mai sauƙi, sai ta yage mishi ido, wato hujin da ake zura igiya. In aiki ya fi ƙarfin siririya sau da yawa gara ka ninka ta biyu.

4. Har ina ya kamata in ja ta?

Yawancinsu suna iya kaiwa kusan ninki biyu na tsawonsu kafin rigar ta tsaida su, amma can ɗin iyaka ce ba wurin aiki ba. Ƙa'idar da nake bi, kada ƙarin ya wuce rabin tsawonta. Mai mita 1 ta tsaya a mita 1 da rabi, mai santimita 60 ta tsaya a 90. Ga tamfol da zai daɗe a ɗaure ma ƙasa da haka ya fi, kamar kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, in ka ja ta har ƙarshe ka yi hasara biyu. Ba ta da sauran miƙewar da za ta shanye girgiza da ita, ta zama igiya kawai kuma marar ƙarfi, sannan duk ƙarfin da ka zuba wajen jan nan yana nan ajiye a cikinta yana jiran ƙugiya ta zame. In ka ga sai ka danne da ƙafa kana nishi kafin ta kai, to igiyar ta yi gajarta, nemo doguwa. Duba lamba 7.

5. Malam, mu a Madarunfa muke su, me za ta yi mana a cikin jirgi?

Sannunku da aiki. Tafkin Madarunfa kilomita 20 da 'yan kai ne kudu da Maradi, kuma duk wanda ya taɓa zama cikin kwale-kwale can ya san abin da ke ɓata rai ba manyan abubuwa ba ne, ƙanana ne. Ka sunkuya jawo koma, filafili ya zame. Ƙwaryar kwalfe ruwa ta bi ta ƙarƙashin kaya daidai lokacin da kake nemanta. Roba mai milimita 5 ko 6 tana maganin wannan. Ka ɗaura ta daga katakon zama zuwa na gaba, ka kai ka kawo kamar igiyar takalmi, sai ya zama kana da wurin cusa riga, leda mai waya, ƙwarya, duk su zauna wuri guda. Gorar tuƙi kuma zobe biyu na roba a gefen jirgi sun ishe ta, ɗaya gaba ɗaya baya.

Filafili sai ka yi mishi 'yar igiya, baki ɗaya a wuyanshi ɗaya a katakon jirgi. A jirgi za ka ɗaure fa, kar ka kuskura ka ɗaura a hannunka ko ƙugunka, kuma kar ka bar ragowar igiya tana yawo inda ƙafafu suke, domin ranar da jirgi ya kife duk abin da zai naɗe ƙafa maƙiyi ne. In kana da rigar ceto jikinka ne wurinta, ba ƙarƙashin roba ba. Kuma ba na son a huda jikin jirgi don wannan, katakon zama ya isa.

Abu biyu ke kashe ta a jirgi. Ƙugiyoyin mamari suna kama rigar su tsinka zare, don haka raba musu wuri. Sai ƙugiyar ƙarfen kanta da ke tsatsa ta ci bakin igiyar ta ciki inda ba ka gani. Ni a jirgi cire ƙugiyoyin nake gaba ɗaya in yi ƙulli, yadda na bayyana a lamba 11.

6. To zan iya ɗaure jirgin da ita a bakin ruwa?

Ita kaɗai a'a. Jirgi da igiyar gaske ake ɗaure shi. Amma akwai dabara mai kyau in wurin da kake ajiye shi iska na kaɗa ruwa jirgin yana fizgar turke. Ka ɗaure da igiyarka yadda ka saba, sai ka zaɓi wuri biyu a jikinta kamar kamu huɗu tsakani, ka haɗa su da roba mai milimita 8 ko 10 ninki uku ko huɗu, gajeriya, ta yadda igiyar da ke tsakani za ta yi lilo ba a miƙe ba. In jirgi ya fizga robar ce za ta fara amsawa a hankali, in fizgar ta yi ƙarfi igiyar ta miƙe ta karɓa, in ma robar ta tsinke jirginka na nan. Turke ya daina girgiɗewa, hancin jirgi ya daina shan duka.

Da damina kuma in Gulbin Maradi ya kawo ruwa tafki na iya ƙaruwa cikin dare, a bar ma igiya rara.

7. Da gaske ne tana fasa ido ko tsoratarwa ce kawai?

Wallahi da gaske ne, kuma likitocin ido sun san wanga rauni sarai. Ka tuna danƙon harbin tsuntsu na yarinta, to ita ma danƙo ce, sai dai maimakon tsakuwa ƙugiyar ƙarfe ce a bakinta, kuma fuskarka take kallo. Hanya uku abin ke faruwa, ko ƙugiya ta zame daga inda aka maƙala, ko ta miƙe saboda ƙarfen ba shi da ƙwari, ko igiyar ta zare daga gindin ƙugiyar.

Ni na farkon ne ya same ni. Wata ranar Litinin na ɗaura kwali biyu a bayan moto bakin kasuwa, na maƙala ƙugiya ɗaya a ƙarfen ɗora kaya ta can gefe ba tare da na leƙa na ga yadda ta zauna ba, ashe bakinta kaɗai ya kama. Na zagayo na sunkuya ina jan ɗayar da hannu biyu, ƙara ɗaya na ji, tas, sai ɗumi ya biyo mini fuska. Ta fasa mini gira ta hagu, tsakaninta da ido bai kai faɗin yatsa ba. Wani dattijo mai saida goro ya danne mini wurin da gefen rawaninshi yana salati, ɗinki uku aka yi mini a likita. Har yau in na ga yaro ya sunkuya kan igiyar nan yana ja sai gabana ya faɗi, kuma ba na iya wucewa ban yi magana ba.

Abin kiyayewa ba shi da wuya. Ka duba ƙugiyar farko da idonka ka tabbata ta zauna har gindi, bakinta na kallon ƙasa ko waje. Ka kauda fuska daga layin igiyar, ka ja ta gefen jikinka. Kar wani ya tsaya a ɗaya gefen yana riƙe maka kaya da fuskarshi a wurin. Wajen kwancewa ka riƙe ƙugiyar gam har robar ta gama komawa, a nan ne da yawa ke sakaci don an gaji an iso gida. Kuma kar ka haɗa ƙugiya da ƙugiya don ƙara tsawo.

8. In tsautsayi ya faru ta sami mutum a ido me za a yi?

Kar a murza, kar a danna, kar a buɗe da ƙarfi don a gani. Kar a ɗiga komai, ba nono, ba ruwan sikari, ba kwalli, ba ragowar maganin ido na wani. A samu gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a manne da salatif, a tafi likita a ranar, wurin masu duba ido. Kar a ba shi asfirin don yana ƙara zubar jini.

Ko da zafin ya lafa yana gani, a je. Dukan irin wanga yana tara jini a cikin ido, yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido ko ya ɓamɓare shimfiɗar gani ta can baya, kuma wani lokaci sai bayan kwanaki abin ke bayyana, lokacin da gyara ya yi wuya.

9. Iska na yage mini tamfol duk damina, roba za ta taimaka?

Sosai ma, nan ne ta fi nuna amfaninta. Kowa ya san yadda hadari ke zo mana daga Yuni zuwa Satumba, gabas ta yi baƙi, iska da ƙura su riga ruwa isowa. Tamfol da aka ɗaure tamau da igiya ba shi da inda zai kai wannan bugun sai idanunshi, ɗaya ya fita, nauyin ya koma kan na kusa, shi ke nan ya bi layi. In ka sa zoben roba na santimita 20 zuwa 30 tsakanin kowane ido da igiyarshi, bugun sai ya shige cikin robar, tamfol ya ɗan ba da kai ya dawo. Kowane ido a ba shi nashi, kar a ɗaure kusurwa huɗu kawai a bar tsakiya.

Akwai wani amfanin kuma. Igiyar rama in ta jiƙe tana tsukewa har ta tumɓuke turke, yadin tanti na nailan shi kuma in ya jiƙe saki yake. Roba na cike wannan bambancin, ba sai ka fito cikin ruwa kana gyara ba. Amma ba ta maganin ruwan da ya taru a tsakiya, wannan sai ka karkata rumfar gefe guda ya fi tsawo. In ido ya riga ya fita, sa 'yar tsakuwa mai santsi ta cikin tamfol, ka tattaro shi a kanta, ka ɗaure wuyan, wani lokaci ma ya fi idon kamfani riƙo.

Ƙasarmu rairayi ce, turke tsaye ba ya jimawa. A jigawa ka ɗaura igiya a tsakiyar guntun icce ka binne shi a kwance kamar kamu biyu, ka taka. In kuma hadarin ya yi muni to a sauke rumfa, tamfol a naɗe ba ya yagewa.

10. Robar cikin sandunan tantina ta saki, sai na sayi sabbi?

A'a ɗan'uwa, aikin rabin awa ne. Tantin gwanjo kusan duk haka suke zuwa, sanduna lafiya lau robar ta mutu. Ka jera gaɓoɓin a ƙasa ka sa musu lamba kafin ka yanke tsohuwar, don ba duka suke tsawo ɗaya ba. Ka zare 'yan kawunan da ke baki biyu, a nan ƙullin yake. Ka auna sandar gaba ɗaya, sabuwar roba mai milimita 2 ko 3 ta zama kamar kashi uku cikin huɗu na wannan tsawon, wato sanda mai mita 4 ta samu roba mita 3. Ka ƙulla baki ɗaya ka riƙa zurawa gaɓa bayan gaɓa kana haɗa su, in ka kusa ƙarshe robar za ta ƙare maka, sai ka ja ka danne da filaya ka zura sauran. Kar ka yanke rarar sai ka gwada naɗewa ka ji.

Wajen naɗewa daga tsakiya ake farawa, a raba biyu, a sake raba biyu. In ka fara daga baki gaɓa-gaɓa duk jan yana taruwa a ƙarshe guda. Masu zuwa can arewa wajen Dakoro da dajin Gadabeji su riƙa tafiya da mita biyar a jaka, ba nauyi gare ta ba kuma can ba shago.

11. Yaya ake yanka ta, kuma wane ƙulli ne ba ya kwancewa?

In ka yanka haka kawai rigar za ta warware robar ta shige ciki. Ka naɗa salatif a wurin, ka yanka a tsakiyar salatif ɗin da wuƙa mai kaifi, sannan ka ɗan lasa ma bakin wutar ashana don zaren ya narke ya haɗe. Zaren kaɗai, kar ka bari robar ta kama, kuma kar ka taɓa da yatsa yana zafi don yana manne ma fata.

Sirrin ƙulli shi ne, roba in an ja ta sirancewa take, shi ya sa ƙullin da ka yi da sauƙi yake zamewa da an ɗora mishi aiki. Kowane ƙulli ka yi, ka ja kowane baki da ƙarfi har igiyar ta sirance a cikin ƙullin, in ka saki sai ta kumbura ta kulle kanta. Ka bar wutsiya kamar santimita 3. Don yin zobe, ka haɗa baki biyu gefe da gefe ka yi musu ƙulli guda tare, shi ne mafi sauƙi kuma yana riƙo. Ƙullin nan na ɗaurin ƙunshi kar ka yarda da shi a roba. In kana son aiki mai tsabta sai ka ninka bakin, ka ja shi ya sirance, wani ya naɗa maka waya zagaye uku ya matse da filaya, a lanƙwasa bakin wayar ciki a rufe da salatif.

12. Wata uku kawai ta yi ta mutu, an cuce ni ne?

Wataƙila, wataƙila kuma ranar Maradi ce. Roba ta asali daga ƙaron wata bishiya ake samunta, kuma abokan gabanta sanannu ne, rana, zafi, mai, da zama a miƙe. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarfen moto da ya wuni a rana. Wanda ya bar ta a ɗame a bayan moto dare da rana ya haɗa mata uku a lokaci guda, in kuma bidon ɗin mai na ɗiga a kanta sun cika huɗu, don fetur da gazwal da baƙin mai kumbura roba suke su lalata ta.

In ka sauke kaya ka cire ta. Ka wanke ƙura da ruwa, domin rairayin da ke shiga saƙar yana gurzar robar duk lokacin da ta miƙe, ka shanya a inuwa ka sa a jaka. Alamun ta gama aiki, ta yi tsawo ba ta komawa, wani wuri ya sirance wani ya kumbura, rigar ta yi gashi ko launinta ya koɗe, ko ka ja ka ji ƙas-ƙas a ciki. In ka ga ɗaya cikin waɗannan ka cire ƙugiyoyin ka yar da ita.

13. Yaya zan gane mai kyau a kasuwa?

Da hannu ake ganewa. Ka matsa ta tsakanin yatsu, mai kyau a cike take da tauri, marar kyau za ka ji rigar ta fi abin cikin yawa. Ka ja kamu ɗaya ka saki, ta koma nan take. In ta nadi ce ka duba bakin ka ga yawan zaren robar. Ƙugiya kuma ka gwada buɗe ta da yatsu, in ta motsa a hannunka to kaya ma za su buɗe ta. Ka duba inda igiyar ta shiga gindin ƙugiya, nan ne masu arha suke ha'inci. Kuma kar ka karɓi wadda aka rataya a rana ƙofar shago, ka ce a ɗauko maka ta ciki. Araha ba ta ado, balle a abin da ke kusa da ido.

14. To robar tib fa, mu bar ta ke nan?

Ina! Ni ba na raina robar tib, ita ta riƙe kekuna da amalanken ƙasar nan tun kafin a kawo mai launi. Tana da abin da waccan ba ta da shi. Faɗi gare ta don haka tana kama kaya ba ta zamewa, ba ta da ƙugiya, ƙullinta cusawa ne kawai, kuma wurin mai faci za ka same ta kusan kyauta. Yawancin tib na mota da wata roba ta masana'anta ake yin shi wadda ke jure iska da zafi fiye da ta asali, sai dai ba ta kai ta saurin dawowa ba.

Rauninta shi ne ba ta da riga, ba abin da ke taka mata birki, kuma 'yar tsaga a gefe ta isa ta yage gaba ɗaya ba sallama. Don haka a yanka ta da almakashi mai kaifi, gefen ya fita sumul ba tsaga, faɗin yatsa biyu zuwa uku, a kauce ma wurin faci. Ga ɗaure itace, kara, ko bakin tiyo ita ta fi. Ga tanti da cikin jirgi mai rigar ta fi. Ga buhu kuwa duk biyun mataimaka ne, duba ta gaba.

15. Ni ɗan kabu-kabu ne, kaya masu nauyi dole ne, yaya zan yi?

Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya. Igiya tukuna, roba daga baya. Ka ɗaure buhun da igiyar gaske ko bel mai ƙarfen matsewa, gaba da baya da gefe, ka girgiza shi da hannu ka ga moton ce ke motsi ba buhun ba. Sannan roba ta zo ta danne tamfol ko ƙananan ledoji a sama. Bayan 'yan kilomita ka tsaya ka ƙara matsewa don hatsi na zama a buhu, musamman hanyar Dan Isa ko ta ƙauyuka. Ka kula ƙwarai da bakin da ke lilo, ƙugiya in ta shiga waya ko sarƙa tana iya tsaida taya nan take. Kar robar ta taɓa salansa. Kaya masu kaifin gefe kamar kwanon rufi a sa musu kwali a ƙarƙashi.

16. Yaya, zan iya rataya sange da ita? Yarana suna yawan yage shi.

Za ki iya Hajiya, kuma dabara ce mai kyau. Ki sa guntuwa siririya kamar kamu ɗaya a kowace kusurwa tsakanin kunnen sangen da igiyar, in yaro ya juya ya danne gefe sai ta ba da kai maimakon kunnen ya fita. Masu kwana gona da masu kwana tsakar gida da bazara duk yana yi musu. Ba ƙugiya a ɗakin yara ko kaɗan, ƙulli kawai, kuma a ɗaure sama inda hannunsu ba ya kaiwa. Ragowar ki ɓoye, don yaro in ya samu abin da ke miƙewa sai ya ja da ɗan'uwanshi ko ya sa a wuya. Guntayen da aka yanke ma a tsince su, awaki na haɗiye su.